Tsohuwar gidanmu ta sake wanka saboda na taɓa ta

Goggo, assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, ina karatun haɗa magunguna a birnin Bengaluru na ƙasar Indiya. Na kama hayar ɗaki a saman gidan wata tsohuwa mai bin addinin Hindu, tana zaune da ɗanta da matarsa da jikoki biyu. Yaran suna ce mata Ajji, wato kaka, ni ma haka nake kiran ta. Da yamma mutuniyar kirki ce: takan aiko min da abinci, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ita ta dafa min ruwan citta da masoro, ta zauna a bakin gadona. Amma ran nan da sassafe na sauko zan tafi makaranta, na gan ta ta fito daga wanka, santsi yana neman kwashe ta, sai na kama hannunta. Wallahi Goggo, fizgewa ta yi kamar wuta ta taɓa ta. Ba ta ce min kanzil ba, ta juya ta koma, na ji tana sake wanka, ta fito da wani zanen daban. Daga ranar na fara lura. Kofina daban ne, a kan taga ake ajiye shi. Ban taɓa taka kicin ɗinsu ba, daga bakin ƙofa nake tsayawa. An ce kada in shigo da nama. Matar ɗanta ta taɓa roƙona, tana jin kunya, cewa in ina al'ada kada in bi ta gaban ɗan ɗakin da suke bauta. Ni da nake alwala sau biyar a rana, ni za a mayar ƙazama? Ƙawayena 'yan Afirka sun ce don ni baƙa ce, wata ta ce don ni Musulma ce. Ga shi kuma sun gayyace ni bikin Dipawali, wato bikinsu na kunna fitilu, kuma Ajji takan miƙo min alewar da suka ajiye a gaban abin bautarsu, ban san yadda zan yi da ita ba. In tashi ne ko in zauna?

'Yarki daga Bengaluru

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya dawo mana da ke lafiya.

Wanda ya miƙa hannu don ya tare tsohuwa kada ta faɗi, aka fizge aka je aka wanke wurin da ya taɓa, dole ransa ya sosu, kuma ban ga laifinki ba da kika kwana da abin a zuciya. Ƙawayenki ma ba daga sama suka ɗauko maganarsu ba. A nan Bengaluru ɗin da kike, a farkon 2016, gungun mutane suka far wa wata ɗaliba 'yar Tanzaniya suka ci mutuncinta saboda haɗarin motar da wani ɗalibi ɗan Sudan ya yi, alhali ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. A watan Maris na 2017 kuma aka lakaɗa wa ɗalibai 'yan Najeriya duka a wani babban kanti a Greater Noida, kusa da Delhi, kan jita-jita. Wariyar launin fata tana nan a Indiya, duk wanda ya ce miki babu ya rufe ki ne. Sai dai abubuwan da kika lissafa ba gida ɗaya suka fito ba, kuma kafin ki ɗaure kaya ina so ki rarrabe su.

Mu fara da wankan, tunda shi ya fi yi miki ciwo, kuma shi ne ya fi sauƙin bayani. Daga yadda kika siffanta gidan, da alama irin gidajen nan ne na kudancin Indiya masu tsananin kiyaye al'ada, galibi na Brahmin, wato zuriyar malaman addinin Hindu, inda tsofaffi suke shiga wani hali na tsarki da ake kira madi. Tsohuwa za ta tashi tun gari bai waye ba, ta yi wanka daga ka har ƙafa, sannan ta ɗaura zanen da ta wanke tun jiya ta shanya a kan igiya ko gora can kusa da rufin ɗaki, inda hannun kowa ba ya kaiwa. Da sanda take rataye shi, da sanda take sauko da shi. Ki ɗaga kai a gidan, ina kyautata zaton za ki ga wannan igiyar. Daga nan sai ta shiga ɗan ɗakin bauta, ta kunna fitilar mai, ta zuba ruwa a tafin hannun dama ta kurɓa sau uku tana ambaton sunayen Vishnu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, ta yayyafa ruwa a jikinta da kayan bautar, ta jera furanni da ganyen tulasi, wani tsiro mai ƙamshi da suke girmamawa, ta miƙa abincin da ta dafa, ta kaɗa ƙararrawa, ta ƙona kafur. Tun daga ɗaura zanen nan har ta kammala, ba ta yarda wanda bai yi irin shirinta ba ya taɓa jikinta ko zanenta. In aka taɓa, komai ya rushe, sai ta koma ta faro daga wanka.

Wannan doka ta hau kan ɗan da ta haifa, ta hau kan jikan da take ji da shi. Yaran da suka tashi a irin gidajen nan sun saba da jin tsawar "kada ka taɓa ni" daga bakin kakarsu da safe, kakar da za ta rungume su da rana. Ke da kika san alwala ba za ki sha wahalar gane wannan ba. A mazhabar Shafi'i, fatar namiji ta taɓa ta matarsa alwala ta warware, shi ya sa alhazanmu suke ganin mutanen Indonesiya da Malesiya suna kaffa-kaffa a wurin ɗawafi. Mutum ya janye hannu daga matar da yake ƙauna don yana da alwala, wa zai ce ƙyamarta yake yi? Tsohuwar da ta zauna a bakin gadonki kina zazzaɓi, tana shaƙar numfashinki, da jikinki take ƙyama da ba ta hau benen ba. Abin da nake gani shi ne kin taɓa ta a lokacin da ko ɗanta ba ya taɓa ta. Shirun da ta yi kuwa, wataƙila kunya ce da rashin yaren da za ta yi miki bayani da shi.

Kicin ma yana bin wannan layi. A irin gidan nan abincin safe ana fara miƙa shi ga abin bauta kafin kowa ya ci, don haka murhu da tukwane suna cikin kayan ibada. Mai girki ba ta ɗanɗana miya ta ji gishiri, da ido da hanci take aunawa, domin duk abin da miyau ya taɓa ya zama saura, saura kuwa ba a miƙa shi. Wannan ƙyamar miyau tana da ƙarfi ƙwarai a Indiya, har wajen waɗanda ba su damu da addini ba. Ki lura da yadda abokan karatunki suke shan ruwa: a ɗaga kai, a ɗaga gora ko kofin ƙarfe sama, a tsiyayo ruwan cikin baki ba tare da leɓe ya taɓa ba, sannan a miƙa wa na kusa. Mu kuwa mun tashi muna sa hannu a kwano ɗaya, muna zagaya moɗa ɗaya, kuma a wurinmu wannan shi ne zumunci. In kin taɓa kafa baki a kofinsu kika ajiye shi cikin sauran, to a idonsu kin haɗa wankakke da wanda ba a wanke ba. Nama kuwa, ba duk mabiya Hindu ne suka bar shi ba. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna kashi 44 cikin 100 ne suka ce ba sa cin nama. Amma ga wanda yake cikin wannan kaso, shigo da nama gidansa babban abu ne, kuma ko ɗan Indiya ne ya kama hayar, sharaɗin da za a gindaya masa ke nan.

Kin ce kina alwala sau biyar, ta yaya za a mayar da ke ƙazama. Na fahimci zafin, amma wannan hujjar ba za ta shiga kunnen Ajji ba, domin tsarkin ibada a wurinsu bai tsaya kan sabulu ba. A ƙauyukan Indiya da kashin shanu ake shafe daɓen da za a yi bauta a kai, don suna ɗaukar sa mai tsarkakewa. Kogin Ganga, wanda suke ɗauka mai tsarki, ya gurɓace har gwamnati ta ƙaddamar da shirin Namami Gange a 2014 don tsabtace shi, amma hakan bai hana miliyoyin mutane nitso a cikinsa ba a babban taron ibada na Kumbh a garin Prayagraj a farkon 2025, kuma ruwansa suke ajiyewa a gida don tsarkake abin da ya ɓaci. Zanen siliki da aka taɓa bai ɓaci ba a ƙa'idarsu, na auduga kuwa sai an sake wankewa. Mu ma da ƙasa muke taimama, kuma mun san ba datti take cirewa ba. Kowane addini yana da nasa ma'aunin, ba a auna na wani da naka.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne littattafan su kansu ba su tsaya kan wankan jiki ba. Patanjali, wanda ake jingina wa tushen koyarwar yoga, ya sa tsarki a farkon abubuwa biyar da mai neman kusanci zai ɗora wa kansa, masu sharhinsa kuma suka raba shi biyu: na waje da ruwa da ƙasa da abinci mai kyau, na ciki da wanke zuciya daga girman kai da hassada da makamantansu. Bhagavad Gita, ɗaya daga cikin manyan littattafan addininsu, a babi na 17, ta lissafa tsarki cikin horon jiki tare da gaskiya da rashin cutarwa, sannan ta kawo horon harshe, wato magana ta gaskiya wadda ba ta tayar wa kowa hankali, sannan horon zuciya, inda ta ambaci tsarkin niyya. Tsohon littafin dokokinsu na Manu, a babi na 5, ya ce ruwa yana tsarkake gaɓoɓi, gaskiya tana tsarkake zuciya, ilimi yana tsarkake hankali. A babin dai ya ce mafi girman tsarki shi ne tsarkin dukiya, wanda ya nemi arzikinsa ta hanya mai tsabta shi ne mai tsarki, ba wanda ya goge jiki da ƙasa da ruwa ba. Akwai kuma wani baiti da ake yawan karantawa a farkon bauta lokacin yayyafa ruwa, mai cewa ko mutum yana da tsarki ko ba shi da shi, ko wane hali yake ciki, in ya tuna Vishnu ya tsarkaka ciki da waje. Mai yiwuwa Ajji tana karanta shi kowace safiya. Ke nan a koyarwarsu wankan shiri ne na tsayawa gaban abin bauta da zuciya natsattsiya, kuma wanda ya yi wanka ya fito yana wulaƙanta mutane bai kai inda ake so ya kai ba.

Da a nan maganar ta ƙare da na ce ki kwantar da hankalinki kawai. Amma akwai wani ɓangaren, kuma ba zan ɓoye miki shi ba. Wannan tunani na tsarki shi ne aka yi ɗaruruwan shekaru ana amfani da shi wajen jera mutane hawa-hawa bisa haihuwa. Aka ce masu jima da dukanci, da masu shara, da masu kwashe bayan gida, da 'ya'yansu da jikokinsu, ƙazantarsu a jini take, babu ruwan da zai wanke ta. Su ne ake kira Dalit a yau. Dokta Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, daga cikinsu ya fito, kuma ya ba da labarin yadda yana yaro a makaranta yake zama a kan buhun da yake zuwa da shi daga gida, ba a barin sa ya taɓa abin shan ruwa, sai masinja ya tsiyayo masa daga sama. Ranar da masinja bai zo ba, da ƙishirwa zai wuni. A watan Maris na 1927 ya jagoranci dubban mutane suka sha ruwa a wani tafkin jama'a a garin Mahad, bayan sun tafi aka zo aka zuba kashin shanu da fitsarinsu da madara a tafkin, wai ana tsarkake shi. A watan Disamba na shekarar, a garin dai, aka ƙona littafin Manu a bainar jama'a a ƙarƙashin jagorancinsa, littafin nan da na kawo miki kyawawan kalmominsa, saboda a cikinsa ne kuma aka rubuta dokokin ƙasƙanta wasu. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin da ya fara aiki a 1950 ya haramta wannan wariya, amma doka ba ta shiga kicin. A wani babban binciken gidaje da aka yi a faɗin ƙasar a 2011 zuwa 2012, kashi 27 cikin 100 na gidaje sun amsa da bakinsu cewa suna yin ta ta wata fuska, har da wasu gidajen Musulmi da na mabiya addinin Sikh, kuma ɗaya daga cikin tambayoyin ita ce ko za a bar ɗan Dalit ya shiga kicin ko ya taɓa kwanuka. Har yanzu akwai ƙauyukan da mai shayi yake ajiye kofi iri biyu.

Shi ya sa kofin nan na kan taga ya fi damuna a kan wankan.

Ki sani kuma ba baƙi ne suka fara sukar wannan hali ba, daga cikin gida aka fara. A jihar Karnataka da kike zaune, a ƙarni na 12, an yi Basavanna, wanda aka haifa a gidan Brahmin, ya riƙe muƙamin minista a fadar sarki Bijjala a Kalyana, ya tara mabiya daga kowane gida, har da masu wanki da dukawa. Yana da wasu gajerun kalmomi da harshen Kannada waɗanda yaran makaranta suke haddacewa a jihar. Ma'anarsu ita ce: kada ka yi sata, kada ka yi kisa, kada ka yi ƙarya, kada ka yi fushi, kada ka ji ƙyamar wasu, kada ka yabi kanka, kada ka kushe wani, wannan shi ne tsarkin ciki, wannan shi ne tsarkin waje. Duba yadda ya sa barin ƙyamar mutane a cikin tsarkin kansa. A arewa kuma, a Varanasi, an yi Kabir masaƙi, wanda ake rawaito ya ce kifi a ruwa yake kwana yake tashi amma ƙarninsa bai fita ba, to me wanka zai yi wa wanda dattin zuciyarsa yake nan. An yi Ravidas, baduku, wanda ake jingina masa maganar da ta zama karin magana a Hindi: in zuciya tana da kyau, Ganga tana cikin akushin da yake jiƙa fata. Waɗannan mutane mabiya Hindu da yawa suna girmama su har gobe. Don haka in kin ƙi yarda a ƙasƙanta ki, ba addinin masu gidan kika taka ba, kina da masu goyon baya a cikin magabatansu.

To, ta yaya za ki gane wanne ne a gidanku? Ki ba abin mako biyu ko uku kina kallo, bakinki alaikum. Ki duba ko dokar tana hawa kan 'yan gida. In jikanta ya rugo da safe zai faɗa jikinta, tana kaucewa? Ɗanta yana shiga kicin da kayan da ya dawo da su daga aiki, ko shi ma daga ƙofa yake tsayawa sai ya yi wanka? Matar ɗanta, in tana al'ada, tana girki ko tana janyewa kwana uku? Sannan ki duba ko dokar tana da lokacin sauka. Abin da yake na ibada yana da farko yana da ƙarshe, wanka yana gyara shi, rana tana yi ya wuce. Abin da yake na raini ba ya sauka, safe da yamma yana nan, kuma fuska ɗaya yake kallo. Ki kuma sa ido kan matar da take zuwa shara da wanke-wanke, in suna da ita. A wane kofi ake ba ta shayi, a ina take zama ta sha, wa yake wanke kofin? In kofinta ma a kan taga yake kusa da naki, alhali baƙin da suke danginsu da abokan ɗanta suna sha a kofunan gida, to kin samu amsarki, kuma ba mai daɗi ba ce. In kuwa kowa a gidan yana da nasa kofin da nasa faranti, naki dai wurin ajiyarsa ne ya bambanta don kina cin nama a waje, wannan abu ne da za a iya zama da shi.

A nan zan ɗan ratse, domin laifi tudu ne. Gidaje nawa ne a garuruwanmu 'yar aiki take da nata kwanon da ba ya haɗuwa da na 'yan gida, almajirin da yake mana wanki yake sha a tsohuwar roba a bakin zaure? Iyaye nawa ne suka hana aure don yaro ɗan mahauta ne ko ɗan wanzamai? Mu da aka gaya mana mumini ba ya zama najasa, lokacin da Abu Huraira ya sulale daga wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don yana da janaba. Wannan zafin da kike ji yanzu ki adana shi, zai yi miki amfani ranar da kika zama uwar gida.

Bayan kin gama kallo, sai magana, domin matambayi ba ya ɓata. Kada ki tunkari Ajji kai tsaye, tsufa da bambancin yare za su sa ta ji kamar tuhuma ce. Matar ɗanta za ki samu, da yamma, lokacin da aiki ya lafa. Tunda har ta ji kunyar yi miki maganar al'ada, alama ce ta san abin yana da nauyi. Ki kira ta Akka, yadda suke kiran yaya mace, ki ce mata: "Akka, ina son in kiyaye dokokin gidan nan yadda ya kamata. Ran nan na taɓa Ajji da safe ban sani ba, ki ba ta haƙuri. Ki faɗa min lokutan da ba a taɓa ta, da abubuwan da suke kan kowa, da waɗanda suke kaina ni kaɗai." Wannan jimla ta ƙarshe ita ce tambayar, kuma kin yi ta ba tare da kin zargi kowa ba. Daga nan ki kawo maganar kofin a fili: kin ga ana ajiye shi daban, kina so ki san dalili. Ki saurari amsar, ki kuma kalli fuskarta. In ta ce saboda nama ne ko saboda kafa baki, ki ce za ki koyi shan ruwa irin nasu, ki gani ko kofin zai koma cikin 'yan'uwansa. In ta kama kame-kame, ko ta ce haka ake yi wa "irinku", kin ji abin da kike buƙatar ji.

Maganar al'ada, ni dai ina ganin ki yi musu wannan alfarmar in hanyar wucewa tana da wata, tunda ɗakin bautarsu ne kuma matansu ma suna kiyayewa. Su kansu Indiyawa suna ta jayayya a kai, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2018 cewa a buɗe wa mata masu shekarun haila wurin bautar Sabarimala a Kerala, aka yi ta zanga-zanga. Ba rigimarki ba ce, kada ki sa kanki. Iyakarki ita ce ba wanda yake da haƙƙin ya riƙa bin ki da tambayar kwanakinki, ko ya hana ki ruwa ko hanyar ɗakin da kike biyan kuɗinsa.

Alewar nan da take miƙo miki suna kiran ta prasad, a wurinsu albarka ce, kuma ba a ba wa wanda ake ƙi. Wannan ma ki sa shi a ma'auni in kina auna zuciyar tsohuwar. Amma ke Musulma ce, malamai da yawa suna hana cin abin da aka miƙa wa wanin Allah, kuma na ji daga wasiƙarki zuciyarki ba ta natsu da ita ba. To kada ki karɓa ki je ki zubar a kwandon shara, in suka gani zai yi musu ciwo fiye da ƙin karɓa. Kada kuma ki bari sai ta miƙo hannu a gaban mutane sannan ki noƙe. Tun kafin bikin ki gaya wa Akka cewa addininki bai ba ki damar cin abin da aka miƙa a wurin bauta ba, amma in za a ɗebar miki naki tun a kicin kafin a kai, za ki ci da murna. Matar da take sake wanka don kiyaye ibadarta ita ce ta fi kowa cancantar ta gane cewa ke ma kina da iyakar da ba kya tsallakewa. Dipawali kuwa ki je ki gaishe su, ki yaba fitilun da zanen garin shinkafar da suke yi a ƙofar gida, ki kai wa yaran 'yar tsaraba, dabino ma ya isa. In an zo bauta ki koma gefe ko ki hau sama, in an kawo jan garin da suke ɗigawa a goshi ki dafa ƙirji ki yi godiya ki ce a'a. Alƙur'ani bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, ya kuma hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa, don haka ko a hira da ƙawayenki ki kiyaye harshenki a kan abin da yake cikin ɗan ɗakin nan.

Ra'ayina, bisa abin da kika rubuto, shi ne ki zauna tukuna. Alherin da kika lissafa yana da yawa, kuma mafi yawan abin da ya ɓata miki rai yana da bayanin da bai shafi fatarki ba. Samun gidan da za a karɓi ɗaliba 'yar Afirka, a kuma kula da ita in ta kwanta ciwo, ba ƙaramin abu ba ne a can. Amma in kallonki da tambayarki suka nuna miki cewa ke da mai shara aka ware, kuma an yi magana ba a canza ba, ba na ce ki daure ba. Karatun magunguna yana da nauyinsa, ba sai an ƙara miki da kwana kullum kina jin ke abar ƙyama ce ba.

In ta kai ga tashi, ki tashi da tsari. Ki samu sabon wuri tukuna, wanda ɗalibai mata da kika yarda da su suka sani. Ki duba takardar hayarki ki ba da sanarwa a kan lokaci, don kuɗin ajiyar da masu gidaje suke karɓa a Bengaluru yana da yawa, kada ki bar naki a baya. Ki tabbatar sabon mai gidan zai cika takardar da hukuma take buƙata daga duk wanda ya saukar da baƙo ɗan wata ƙasa, ke kuma ki sabunta adireshinki a ofishin rajistar baƙi, FRRO, don kada ya zame miki matsala lokacin sabunta biza. Ki sanar da ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku, ki kuma gaya wa iyayenki a gida kafin ki kwashe kaya, ba bayan kin kwashe ba.

Goggo